Amsoshin Tambayoyinku: Ƙarfen da Aka Ce Ba Ya Tsatsa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ga mu a filinku na Amsoshin Tambayoyinku. Da na zazzage jakar wasiƙu a wannan makon, sai na tarar guda biyar duk abu ɗaya suke tambaya a kai, wato farin ƙarfen nan mai ƙyalli da 'yan kasuwa ke kira sitenles, wanda iyayenmu mata kan haɗa shi da sauran kwanukan silba su kira su da suna ɗaya. Don haka yau filin nasa ne.

Wasiƙar farko daga Maraɗi take, daga wata Hajiya da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Ta ce: "Mai shago ya manna wa tukunya maganaɗisu bai kama ba, ya ce alamar mai kyau ce ke nan. Da na koma gida na gwada wuƙata, wadda ta shekara goma ba ta taɓa tsatsa ba, sai ga shi ya kama ta gam. Kuma na ga an rubuta 18/10 a bayan cokula. Ina gaskiyar take?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Mai shagon ya faɗa miki rabin magana ne. Bari mu soma daga tushe.

Sitenles baƙin ƙarfe ne da aka narka aka zuba masa wani ma'adini mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Da zarar kuromiyam ya haɗu da iska, sai ya yi wa ƙarfen wata yana a bisa, siririya ƙwarai, ta fi gashin kai siranta sau dubbai, ido ba ya ganinta. Ita ce ke tare ruwa da danshi. Kin san yanar koko: in kika yaye ta, kafin ki juya wata ta rufe. To haka wannan take. Ki kankare cokali da wuƙa, muddin iska na taɓa wurin, yanar za ta sake fitowa da kanta. Duk abin da zan faɗa yau a kan wannan yanar yake tafiya.

Lamba ta farko a bayan cokalinki, 18, kason kuromiyam ce. Ta biyu kuma, 8 ko 10, kason wani ma'adinin ne, nikel. Aikin nikel shi ne ya fi ba ni sha'awa. Baƙin ƙarfe zalla, in aka gasa shi ya wuce digiri 912 a ma'aunin Salshiyas, ƙwayoyin jikinsa kan sake jeri su shiga wani tsari da masana ke kira ostenayit, sunan da aka samo daga wani masanin ƙarafa na Ingila, Roberts-Austen. A wannan tsarin ƙarfe na da laushin sarrafawa, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Amma yana hucewa sai ya koma yadda yake. Nikel ne ke riƙe wannan tsarin, ya hana shi komawa ko da ƙarfen ya yi sanyi ƙalau. Shi ya sa ake iya danna falle guda a injin ya zama tukunya mai zurfi ba tare da ya tsage ba. Wannan haɗin na 18 da 8 shi masana'antu ke kira 304, kuma a duk dangin babu wanda aka fi amfani da shi. Injiniyoyi biyu na kamfanin Krupp a Jamus, Benno Strauss da Eduard Maurer, su suka yi rajistar irinsa a 1912. A 1913 Harry Brearley na garin Sheffield a Ingila ya narka nasa mai kuromiyam kawai, ba nikel, kuma da shi aka soma ƙera wuƙaƙen da ba sa tsatsa.

Kin ga amsar wuƙarki ta fito. Ita daga dangin Brearley take. Wuƙa tana son ƙarfen da za a gasa a tsoma ya yi tauri ya riƙe kaifi, 304 kuwa ba ya taurara ta hanyar wuta. Saboda haka wuƙar kirki maganaɗisu zai kama ta, kuma ba jabu ba ce. Cokalin da aka rubuta wa 18/0 shi ma zai kama, kuma sitenles ne na gaske, sai dai ba shi da nikel. Ko tukunyar 304 ɗin ma, ki kai maganaɗisun wajen lanƙwasar gindinta ko bakinta, za ki ji yana ɗan ja, saboda matsar injin ta sauya tsarin wurin. A ɗaya gefen kuma, sanholama ba ya kamawa, haka nan wani mai araha da ake kira 201, wanda aka rage masa nikel aka cike gurbin da manganis. To kin ga maganaɗisu shaida ne, amma bai isa ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Ki duba lambar, ki ɗaga ki ji nauyi da kauri, ki saya wurin wanda in kin dawo zai saurare ki.

Sai wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai, daga wani mai walda a Panteka, Kaduna. Ya ce ya haɗa wa masu fiyawata tanki da fallen 304. Bayan wata huɗu suka kira shi: tsatsa ta ja layi a gefen ɗinkin waldar hagu da dama, ga kuma jajayen ɗigo kamar an yayyafa barkono a duk inda ya goge da garandin. Ya ce sun zarge shi da sa jabun ƙarfe, shi kuma ya rantse da tsada ya saya.

Malam, na yarda da rantsuwarka. Mai yiwuwa ƙarfenka lafiyarsa lau, a wajen aiki aka raunata yanar.

Ɗigon nan masu kama da barkono, kusan kullum daga faifan garandin ne ko buroshin waya da aka riga aka ci baƙin ƙarfe da su. Ƙurar baƙin ƙarfen kan nutse cikin fuskar sitenles, ita ce ke fara tsatsa, sannan ta buɗe ƙofa. Ko tartsatsin maƙwabcinka da ke yankan rodi ya isa ya jawo haka. Ka ware faifai da buroshi na sitenles kaɗai, ka shafa musu fenti don yaran shago su gane su.

Layin gefen ɗinki kuwa zafi ne. Ka san launin nan da ke fitowa bayan walda, ruwan zinariya, shuɗi, wani lokaci har baƙi-baƙi? Wasu na barinsa don yana ba su sha'awa. Ƙarƙashinsa kuromiyam ya yi ƙaranci, don haka dole a goge shi tas, ciki da waje, kafin a zuba ruwa. In falle mai kauri ne kuma, akwai wata cutar da ta fi wannan zurfi. Tsakanin digiri 450 da 850, ɗan kabon, wato sinadarin gawayi, da ke cikin ƙarfen yakan kama kuromiyam ya ƙulle shi a iyakokin ƙwayoyi, sai gefen ɗinkin ya rasa abin yin yana. Maganinta tun wajen saye ne: ka nemi 304L. Harafin L na nufin kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba, alhali na 304 kan kai 0.08. Sandar walda kuma 308L ce tasa. In 316 kake haɗawa, wanda za mu zo kansa a gaba, 316L. In kana haɗa sitenles da baƙin ƙarfe, kamar ƙafafun tanki, 309L. Ka rage wuta, ka yi sauri, ka bar shi ya sha iska tsakanin zagaye, domin wannan ƙarfen yana riƙe zafi wuri ɗaya, kuma buɗewarsa in ya yi zafi ta fi ta baƙin ƙarfe da kusan rabi. Shi ya sa yake murɗe maka.

Akwai wasu ƙannen 304 biyu da aka yi musamman saboda matsalar nan ta kabon. A 321 an sa taitaniyam, a 347 an sa niyobiyam, su kama kabon ɗin tun kafin ya kai ga kuromiyam. Mutanen Filato, wannan niyobiyam ɗin daga kolumbayit ake samunsa, wanda ake haƙowa tare da kuza a kewayen Jos da Bukuru. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Yau Barazil ce ke riƙe da kasuwar.

Abu na ƙarshe, Malam, kuma da gaske nake roƙonka: hayaƙin waldar sitenles ya fi na baƙin ƙarfe illa. Yana ɗauke da wani nau'in kuromiyam da aka tabbatar yana jawo kansar huhu. Madarar gwangwani da ake sha bayan aiki ba ta wanke shi. Ka yi aikin a sarari, iska na kaɗa hayaƙin nesa da fuskarka, ka sa takunkumi na ƙwarai, ka sa wa yaranka.

Daga unguwar Nima a birnin Akara, wani Alhaji ya ce ƙarafan barandar benensa ba su cika shekara biyu ba suka yi ja kamar an watsa musu shayi, alhali na ɗan'uwansa a Tamale suna nan suna ƙyalli.

Alhaji, bambancinku da ɗan'uwanka teku ce. Babban abokin gabar yanar nan gishiri ne. Iskar teku na ɗauko shi ta sauke a kan ƙarfe, ya huda yanar a wurare ƙanana kamar tsinin allura, ya yi ta ci ta ciki. A bakin teku, ko Akara ko Legas ko Duwala, 316 ake so. An ƙara masa molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, nikel ɗinsa kuma 10 zuwa 14, kuma molibdenam ɗin ne ke taimaka wa yanar ta jure gishiri. Ya fi tsada, ba shakka. Yawancin bututun ado masu araha da ke kasuwa 201 ne, da ido kuwa ba mai iya raba su. Su 201 suna da wurinsu, a cikin ɗaki ko a busasshiyar ƙasa. Abin da ba na so shi ne a sayar wa mutum 201 da kuɗin 304. In aikin babba ne, ka nemi takardar masana'anta da ke nuna haɗin ƙarfen. Wanda ke jikin benenka yanzu, a goge shi da soso mai laushi da man goge sitenles, sannan a riƙa ɗauraye shi da ruwan famfo a kai a kai. Ka lura, ɓangaren da ruwan sama ke duka yakan fi wanda ke ƙarƙashin rumfa tsabta, domin ruwan na wanke gishirin.

Wani ɗalibi daga Samaru, Zariya, ya tambaya: tunda yana da tsada haka, me ya sa masana'antu ba sa rabuwa da shi?

Ɗana, saboda akwai wuraren da babu mai shiga sai shi. Ɗauki sanyi. Baƙin ƙarfe na yau da kullum, in sanyi ya yi tsanani, yakan tashi daga mai lanƙwasuwa ya koma mai fashewa kamar tangaran. Dangin 304 ba sa haka. Iskar gas da ake mayarwa ruwa don a loda wa jiragen ruwa, irin aikin da ake yi a Bonny, tana kan digiri 162 ƙasa da sifili. Iskar oksijin da ake ajiyewa a ruwance a manyan tankunan asibiti ta kai 183 ƙasa da sifili. Bututu da tulunan ciki na irin waɗannan ayyukan galibi da wannan dangin ake yin su. Ka juya wajen zafi kuma, akwai 310, mai kuromiyam 25 da nikel 20, da ke aiki a cikin tanderun masana'antu inda wuta ke kai digiri 1,000. A tsakiya ga masana'antun madara da lemo da magunguna, waɗanda ke son fuska mai santsi da ba ta sauya ɗanɗano, ba ta ɓoye ƙwayoyin cuta, ta kuma jure wanki da tafasasshen ruwa kullum. Ga masu takin zamani da ke sarrafa asid. Ga likitocin ƙashi da ke ɗaure karaya da faranti da kusoshin 316L. In kana son shaidar daɗewa, ƙololuwar ginin Chrysler a birnin New York an lulluɓe ta da irin ƙarfen nan na Krupp tun 1930, tana nan tana walƙiya. Sai dai ka riƙe wannan don jarrabawa da kuma aiki: in ruwa mai gishiri ya haura digiri 60, ƙarfen kuma yana ɗauke da matsi, 304 kan yi tsaga siriri ba tare da gargaɗi ba. Tsadar kuwa yawancinta ta nikel ce. Kusan kashi biyu cikin uku na nikel ɗin duniya a sitenles yake ƙarewa, Indunusiya ce ta fi kowa haƙo shi, Afirka ta Kudu kuma ta fi kowa haƙo ma'adinin kuromiyam.

Ta ƙarshe daga wata amarya ce a Damagaram. Ta ce sabuwar tukunyarta tana kama mata tuwo da miya, abin da tsohuwar tukunyar sanholamar mahaifiyarta ba ta yi, kuma ta ga ƙananan ramuka a gindinta.

Amarya, ba hannunki ba ne. Sanholama ya fi sitenles watsa zafi fiye da sau goma, don haka a tukunyarki zafin yana taruwa daidai inda harshen wuta ke taɓawa. Ki rage wuta, ki yawaita juyawa. Nan gaba ki nemi mai gindi mai kauri, wadda aka saka wa fallen sanholama a tsakiya. Ramukan kuwa gishiri ne da ya kwanta a ƙasa bai narke ba. Ki bari ruwa ya tafasa kafin ki zuba, ki motsa. Kada ki jiƙa ta da ruwan bilic ta kwana, kada kuma ki dirje ta da soson baƙin ƙarfe. In ta kama, ki zuba ruwa da 'yar kanwa ki ɗora ta tafasa, ƙanzon zai saki da kansa, ki wanke, ki kife ta a inda iska za ta taɓa ta.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.