Mabiya 5,000, masu gani 40: ina sauran suka shiga?

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Kwanan nan saƙo iri ɗaya ke ta shigo mini. Wannan ya ce an danne masa shafi a ɓoye, wancan ya ce mahassada ne suka kai ƙararsa, wata kuma ta rantse sai ta biya kuɗi kafin a nuna wa mutane abin da ta wallafa. Kukan dai ɗaya ne: ina da mabiya 5,000, na sa hoto, mutum 40 kacal suka gani. Ina sauran suka shiga?

Amsar tana cikin wani mataki guda da yawancinmu ba mu ma san yana nan ba. Kafin mu isa wurin, ku riƙe wuta, za mu bi ta tarihi a guje.

[Hoto: farin allo, baƙin rubutu, ba ado]

Wannan shi ne shafin yanar gizo na farko, na Tim Berners-Lee, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. A 1991 aka buɗe shi ga duniya. Abin mamaki, manhajar da ya fara haɗawa ana karatu da ita, ana kuma rubutu. Waɗanda suka biyo baya ne suka ɗauki karatun suka bar rubutun. Sai intanet ta zama allon sanarwa: ka karanta, ka kama gabanka.

[Hotuna suna wucewa da sauri]

1994, GeoCities, kowa ya samu ɗan fili ya gina shafinsa. Kalli launukan nan. Allah ya yafe wa wanda ya zaɓe su. 1997, SixDegrees, inda aka fara jera sunayen abokai a shafi. 2001, Wikipedia. 2003, MySpace. 2004, Facebook, a lokacin na ɗaliban jami'ar Harvard kaɗai. 2005, YouTube, bidiyonsa na farko daƙiƙa 19 ne, wani saurayi tsaye gaban giwaye a gidan namun daji. 2006, Twitter da haruffansa 140. A ƙarshen wannan shekarar mujallar Time ta tashi zaɓen gwarzon shekara, sai ta manna wani abu mai sheƙi kamar madubi a bangonta, ta ce gwarzon kai ne, mai kallo. Wato yanzu jama'a ne ke cika intanet da hannunsu.

To a nan za mu ja birki.

[Hoto: Facebook na 2005]

Ku dubi wannan da kyau. Me ya ɓace? Babu wannan dogon jerin da muke ta ja da yatsa. In kana son sanin halin da abokinka yake ciki, sai ka rubuta sunansa, ka shiga shafinsa, ka duba, ka fito, ka shiga na wani. Ziyara ce ƙafa da ƙafa. Wanda ka nufa shi za ka gani.

A watan Satumban 2006 Facebook ya juya lamarin. Ya ce zauna inda kake, ni zan kwaso maka labarin kowa in zube a gabanka. Mutane suka fusata, dubban ɗaruruwa suka shiga zauren adawa da sabon tsarin, suna cewa ana tallata sirrinsu. Shugaban Facebook Mark Zuckerberg ya fito ya ba da haƙuri, aka ƙara hanyoyin ɓoye bayani, amma jerin bai je ko'ina ba. Kuma ku lura, ta cikin jerin da ake zagi ne labarin zauren adawar ya bazu. Masu kamfanin sun ga wannan sarai.

Daga ranar da wani ya karɓi aikin kawo maka labari, dole ya yanke wanne zai fara miƙo maka. Ga matakin da nake nufi.

Yawancinmu muna ɗauka wallafa abu kamar aika wasiƙa ne. Na danna, kwafi 5,000 suka tashi, kowane mabiyi ya samu nasa. Saboda haka in mutum 40 suka gani, lallai wani ya tare hanya ya kwashe sauran. Ba haka abin yake tafiya ba.

[Zane: hoto guda ya faɗa cikin tuli]

Da ka danna, hotonka ajiye shi ake yi. Yana nan zaune, bai tafi wurin kowa ba tukuna. Sai can wata mabiyiyarka ta ɗauki waya ta buɗe manhajar. A wannan ƙiftawar idon ne ake yin aikin. Na'ura ta tattaro duk abin da za a iya nuna mata: naka, na ƙawayenta, na zaurukan da take ciki, na shafukan da ta bi shekara biyar da suka wuce ta manta da su. Facebook da kansa ya faɗa a 2013 cewa duk lokacin da mutum ya buɗe, akwai abubuwa kusan 1,500 da ke jiran a nuna masa, ana fifita wajen 300 daga ciki. A 2013 fa ke nan.

Sai a ba kowanne maki. Wannan lissafin shi ake kira algoridim, kuma tambayar da yake yi ba ta da alaƙa da kyawun hotonka. Tambayarsa ita ce: wannan matar, a yanzu, in na nuna mata wannan, za ta tsaya? Za ta danna alamar so? Za ta yi tsokaci, ko ta tura wa wani? Hasashe yake yi daga abin da ta saba. In ta yi wata shida tana wuce abubuwanka ba ta ko rage gudu, makinka a wurinta ya yi ƙasa. Hotonka yana cikin layi, amma yana lamba ta 200, ita kuwa ta duba 30 aka kira ta, ta ajiye wayar.

Bari in maimaita, don nan ne ake ɓata. Ba sau ɗaya ake yi wa hotonka hukunci ba. Sau 5,000 ake yi, a wayar kowane mabiyi daban, in ma ya buɗe ranar. A wurin ƙaninka kana iya zama na farko. A wurin wanda ya bi ka don kunya, kana can ƙarshen layi.

[Babu hoto a nan, fuskata kawai, ku yi haƙuri]

Ni ma ya ci ni. Na taɓa kwana uku ina gyaran wani bidiyo, na sa kiɗa, na sa rubutu, na wallafa na zauna ina jiran ruwan yabo. Shiru kake ji. Washegari na ɗauki hoton kyanwa tana barci a kan madannan kwamfutata, ko saita hoton ban yi ba, kafin dare wayata ta ɗau zafi. Na yi fushi, na ce an raina ni. Da na huce na sake kallon bidiyon nawa, sai na ga na cinye daƙiƙa 20 na farko ina gaisuwa. Ni kaina da a hanya na ci karo da shi, da na wuce.

To daga ina na'urar ke samun abin lissafi? Daga hannunmu. A 2009 Facebook ya kawo maɓallin babban yatsa, a shekarar ce kuma Twitter ya sa maɓallin sake yaɗa saƙon wani. Kafin nan sai ka rubuta wani abu a san ra'ayinka, yanzu dannawa ɗaya ta wadatar, kuma dannawa tana ƙirguwa. A 2012 YouTube ya koma fifita tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo a kan yawan dannawa. A 2016 Instagram ya bar jera abubuwa bisa lokacin da aka wallafa su, hujjarsa ita ce mutane na rasa kashi 70 cikin 100 na abin da ke jerinsu. Twitter ma a shekarar ya bi sahu.

[Hoto: yatsa yana jan allo sama, bidiyo bayan bidiyo]

Sai TikTok ya zo ya ƙarasa aikin. Buɗe shi yau, ba ka bi kowa ba, ba ka san kowa ba, zai cika maka allo. Bai damu da su waye abokanka ba, yana kallon inda yatsanka ya tsaya ne. Shi ya sa mai mabiya 12 zai kwana ya tashi miliyan ta gan shi, mai miliyan kuma ya wallafa a ji tsit. Sauran manhajojin suka ga kasuwa ta koma can, suka kwaikwaya. Yanzu a layin nan da na ba ku labari, hotonka har da baƙin da mabiyiyarka ba ta taɓa jin sunansu ba yake takara.

A ganina nan ne ma'anar shiga a dama da kai ta sauya. A 2006 sai ka rubuta ko ka ɗora wani abu ake cewa ka taka rawa. Yau ko uffan ba ka ce ba, tsayawar daƙiƙa uku da ka yi kan bidiyon da ya ba ka haushi ƙuri'a ce ka jefa masa. Na'urar ta ga ka tsaya, kuma tsayawa take ƙirgawa. Gobe ta ƙaro maka irinsa.

Kar wani ya ce na wanke kamfanonin tas. Suna rage yaɗuwar wasu abubuwa da gangan, sun kuma faɗi haka da bakinsu, musamman abin da ya kusa taka dokokinsu. Kuma talla suke sayarwa, wanda ya biya ana tsallakar da shi layi. Saboda haka mai cewa sai an biya ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Amma kafin ka ɗora wa mahassada, fara tambayar mutum nawa cikin 5,000 ɗin nan suka buɗe manhajar jiya, nawa ne kuma suka taɓa tsayawa a kanka.

[Hoto: allon waya, yatsa ya taɓa saman manhaja]

Ga abin gwaji. A 2022 Instagram ya dawo da zaɓin ganin waɗanda kake bi kaɗai, sabo a sama, tsoho a ƙasa. X, wato Twitter na da, shi ma yana da irin wannan sashen, TikTok ma akwai na waɗanda kake bi. Yana nan sama, ba a dai cika son ka lura da shi ba. Duba saman manhajar, ka taɓa shi.

Ni da na gwada, na uku a jerin wani abokin karatuna ne da na ɗauka ya bar intanet tun tuni. Ashe bawan Allah kusan kullum sai ya sa hoton shukokin da yake reno a bakin taga. Na koma baya ina ta dannawa har na gaji, shi kuma ya aiko yana tambaya ko lafiya.