Tsohuwar Aska: Yadda Ake Gane Ta Gari, Da Yadda Ake Dawo Mata Da Kaifi

Masu kallo, barkanmu da war haka. Wannan askar da ke hannuna ta girmi kakana, kuma da ita na gyara gemuna yau da safe. Ranar da na same ta baƙa ce wuluk, ko takarda ba ta iya yankawa. Irinta da yawa suna kwance a akwatunan tsofaffi tun bayan da Gillette ya samu rajistar rezarsa a 1904, mutane suka koma wa reza. Wasu za su tashi, wasu kuwa sun riga sun mutu, kuma gara ka gane bambancin kafin ka ɓata kwana uku a kansu.

Bari in buɗe ta a hankali. Ku dubi wannan siririn wuyan da ke tsakanin ruwan askar da ƙota. A nan maƙera suke buga sunansu. Wannan an rubuta mata Wade & Butcher, Sheffield. A yankin Sheffield na Ingila ne Benjamin Huntsman ya ƙware wajen narka ƙarfe a tukunyar yumɓu a shekarun 1740, abin da ya ba garin ƙarfe mai tsabta da ke riƙe kaifi. Za ku kuma ci karo da Joseph Rodgers mai tambarin tauraro da gicciye, da George Wostenholm mai alamar IXL. Solingen a Jamus ta ba mu Böker da Dovo, Thiers a Faransa ta ba mu Thiers-Issard, Eskilstuna a Suwidin kuma Heljestrand.

Ga wata dabarar sanin shekaru. A 1890 Amurka ta yi dokar harajin McKinley, wadda ta wajabta daga 1891 a rubuta sunan ƙasar da aka ƙera duk kayan da za su shiga kasuwarta. Saboda haka in ka ga Sheffield kaɗai babu England a ƙasanta, kamar wannan tawa, alama ce mai ƙarfi cewa an ƙera ta kafin lokacin.

Amma suna ba ya aske gemu. Ni da a ba ni Rodgers mai tsagaggen baki, gara a ba ni marar suna mai lafiyayyen ƙarfe. Don haka a kai ta gaban haske, a bi bakin tun daga tsini har gindi. Tsaga ko da ta kai siririn gashi ce, a ajiye askar, ta gama aiki. Tsatsar da ke kwance a jiki ba komai ba ce, tana fita. Wadda ake tsoro ita ce mai ramuka kusa da baki, domin duk washin da ka yi, kaifin zai riƙa marmashewa a daidai ramin. Sai a dubi bayanta: in ya shafe ya yi faɗi a gefe guda, wani ya daɗe yana wasa ta a karkace. Bakin da ya ɗan yi tumbi waje yana da kyau, haka aka ƙera da yawa daga cikin na Sheffield. Wanda ya lotsa ciki a tsakiya shi ne mai ba da wahala, don tsakiyar ba za ta taɓa dutse ba.

Ƙotar ma a duba ta. Ƙaho da ƙashi suna jure shekaru, ɗan mai kawai suke so. Tsohuwar robar nan da ake kira seluloid ita ce matsala: in ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai guba ga ƙarfe. Za ka ga tsatsa ta kama daidai sashen da ke shigewa cikin ƙota, bayan askar kuma tas. In ka ga haka, raba ta da sauran askakenka a ranar, ka canja ƙotar.

Wankewa ba ta da wuya. Ɗan mai, tsumma, sai samfefa mai laushi da ruwa, ana hawa daga mai lamba 600 zuwa mai lamba 2000 (mafi girman lamba, mafi laushi), yatsu nesa da baki. Kada a kusantar da ita ga injin washi, zafinsa yana kashe taurin ƙarfe cikin daƙiƙa, kuma ba ya dawowa. Kada a tafasa ta. A wanke da sabulu, a jiƙa ruwan askar kaɗai a sinadarin kashe ƙwayoyin cuta irin na masu aski na minti 10, a shanya.

Yanzu mun zo inda aikin yake. Aska ba wuƙa ba ce, ba a ɗaga bayanta. Maƙerin ya riga ya auna kaurin bayan da faɗin ruwan, yadda in ta kwanta shamɓar a kan dutsen washi, baya da baki suna taɓawa tare, kusurwar ta fita da kanta. Na taɓa lalata wata kyakkyawar aska don na ɗaga bayan kaɗan saboda gaggawa, har yau abin yana yi mini ciwo.

A fara da dutse mai lamba 1000, a jiƙa shi. Baki ne a gaba, kamar za ka fere wa dutsen fata, ana ɗan janyo ta a karkace don duk tsawon bakin ya samu rabonsa. In an kai ƙarshe, a juya ta a kan bayanta, a dawo. Kashi mafi girma na lokacinka a wannan dutsen zai tafi, kuma nan ne mutane suke gajiya su yi tsalle zuwa na gaba. Manufar ita ce fuskokin biyu su haɗu a layi ɗaya. Shafa tawadar baƙin alƙalamin maka a bakin, ka yi ja uku: duk inda tawada ta rage, dutse bai kai wurin ba. Kada ka bar 1000 sai ta aske gashin hannunka a tsini, a tsakiya, da a gindi. Ku saurari sautin nan. Da farko ƙaras-ƙaras yake yi, yanzu ya koma sumul, ruwan ma yana hawa kan ruwan askar maimakon ya gudu ƙarƙashinta.

Daga nan sai 4000, sai 8000, sai 12000 ko dutsen nan rawaya na Beljiyam, ana rage nauyin hannu har ya zama nauyin askar kaɗai ke aiki. Waɗannan goge sawun dutsen farko kawai suke yi.

Fatar da ake goga aska a kai bayan washi kuma akasin dutse ce. A ja ta ta miƙe, baya ne a gaba, baki na biye, kai da komo kamar sau 50, ba gaggawa. In ka juya a kan baki, ka yanke fatar, ka kuma dakushe aikin awa biyu.

Gwaji na gaskiya a fuska yake. A jiƙa gemu da ruwan ɗumi, a sa kumfa sosai, a ja fatar kunci da ɗaya hannun, a kwantar da askar kusan kaurin bayanta biyu daga fata. A ranar farko kunci kaɗai za a aske, ana bin yadda gashin ya kwanta, haɓa da wuya su jira. In ta fizgi gashi, a koma dutse. In ta wuce shiru, a goge ta, a bar ta a buɗe ta bushe, a ɗiga mata mai kafin a rufe.