'Yan kunnen shekara ɗari: tsufansu ba ya nufin dutsen na ƙasa ne

Ku ɗauki misalin wasu 'yan kunne masu lilo. Ƙirar Faransa ce ta wajajen 1925: ƙananan daimon a jere, sai jan yaƙutu guda yana reto a ƙasa. Tun da irinsu suka fara yawo a kafafen sada zumunta ake ta maimaita magana ɗaya, wai tunda tsofaffi ne, dutsen ma na ƙasa ne, haƙo shi aka yi, ai mutanen da ba su san jabu ba. To, a nan kuɗin mutane ke salwanta.

Don gane shekarunsu, sai a fara juya bayansu. Tambarin kan mikiya, zinaren Faransa ne mai karat 18. Kan kare kuwa filatinam ne, tun 1912 ake buga shi. In na Ingila ne aka ga 15ct, wato zinare mai karat 15, to ya girmi 1932, shekarar da aka soke wannan awo. Ɗan sukurun da ke matse kunne kuwa, na matan da ba su yi huji ba ne. In kun ga sabuwar walda a wurin, wani ya canja shi daga baya.

Yanzu dutsen. A 1902 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana yadda ake yin yaƙutu a ɗakin gwaji. Garin aluminiyam oksaid ne da ɗan kuromiyam, ana zubo shi ta cikin harshen wuta mai zafin sama da digiri 2,000, ya narke, ya ɗiga, ya daskare falle kan falle. Cikin 'yan sa'o'i an samu curi. Zuwa 1910 an yi shuɗin ma. Maƙeran lokacin ba su ɗauke shi abin kunya ba, sun riƙa jera shi gefen daimon na gaske.

Kuma ba gilashi ba ne, ku lura. Sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, taurinsa 9 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, daidai da na ƙasa. Saboda haka mai karta shi a jikin kwalba yana ɓata lokacinsa ne kawai. Fitilar UV, irin ta duba jabun kuɗi, ita ma ba ta raba gardama, domin yaƙutun Mogok na ƙasar Bama (Myanmar a yau) shi ma ja yake yi jawur a ƙarƙashinta.

Abin da ke raba gardama shi ne madubin maƙera mai ninka girma sau 10. A goge dutsen, a haska shi ta baya, a juya a hankali. A hankali fa, don ta kusurwa ɗaya suke fitowa. Ga su nan: layuka masu lanƙwasa, kamar na faifan garmaho. Dutsen ƙasa ba ya yin wannan. Nasa layukan miƙaƙƙu ne masu kusurwa, sau da yawa da wasu siraran allurai da suka gitta juna. In an ga ɗigo-ɗigo a cikin dutsen kuma, kumfar iska ce, alamar na ɗakin gwaji ko gilashi. Dutse babba, ja zur, ba ko tabo, kuma da araha? Uhm.

A leƙa ta gefe ma. In akwai layin haɗi, falle biyu aka manna. In bayan dutsen a rufe yake, kada ya taɓa ruwa, don danshi na dusashe ƙyallin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa.

A ganina, yaƙutun Verneuil a kan ɗan kunnen 1925 abin saye ne, muddin kuɗinsa aka biya, ba na Mogok ba. In kuɗin da nauyi, a nemi takardar gwaji irin ta GIA, cibiyar gwajin duwatsu masu daraja ta Amurka. Kuma a duba kowane ɗan kunne daban, domin a shekara ɗari dutse kan faɗi a maye shi da wani.