Reshe ne ya shigo gidanka, ko inuwa ce kawai?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rufin da kuke gani a Kasala yake, a gabashin Sudan. Faifan sola huɗu a sama, batir biyu a ƙasa, firiji ɗaya da fanka. Yanzu ku dubi ta kudu. Darbejiyar maƙwabci ke nan, ta ninka ɗakin tsawo.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 wutar gwamnati ta zama sai an gan ta, duk mai hali ya koma sola. Daga nan tambaya ɗaya ta cika mana waya: bishiyar maƙwabcina ta tare min rana, ina da ikon sare ta? Wasu har suna yawo da hadisin nan na babu cuta babu cutarwa a WhatsApp, wai shi ke nan an ba su gatari. Hadisin yana nan a Muwaɗɗa, babu mai musu. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen ɗora shi a kan bishiya.

Mu fara da sauri. Cutar gaskiya ce? Ƙwarai. Ku kalli mitar nan. Ƙwayoyin da ke cikin faifai a jere aka haɗa su kamar bututun ruwa, ka toshe wuri ɗaya, duk layin ya rage gudu. Inuwar ganye ta hau kusurwa guda, ga lambar tana sauka. Da sanyi abin ya fi muni, domin rana tana karkata kudu. A Kasala, cikin Disamba, bishiya mai mita 10 tana jefa inuwar kusan mita 8 da tsakar rana. Wanda ya kafa faifansa a watan Yuni bai ga wannan ba, sai da hunturu ya shigo.

To a nan za mu tsaya, ku ba ni hankalinku.

Ku dubi wannan katangar. A ce an ja zare daga kanta ya miƙe sama. Duk abin da ya ƙetare zaren ya shigo ta wajenka, cikin sararin gidanka yake, kuma sararin gida na mai gida ne kamar yadda ƙasarsa take tasa. Wannan reshen da ya leƙo, yana zubar da 'ya'ya a kan angarib ɗin Hajiya, wato gadonta na igiya, kana da haƙƙin ka ce a janye shi ko a datse. Haka saiwar da ta tsaga maka ginin katanga. A nan Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce a sare abin da ke cutar da bango in bishiyar daga baya ta zo. In kuwa ta riga bangon, malamai sun rabu gida biyu.

Yanzu mu matsa da kyamara. Wannan reshen kuma bai ƙetare zaren ba, ko da taki ɗaya. A cikin gidan mai shi yake tsaye. Abin da ya shigo maka inuwarsa ce. A wannan babin dai Khalil ya ce ba a tilasta wa mutum kawar da abin da ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska. Wannan ita ce sananniyar maganar Malikiyya, mazhabar da iyayenmu suka taho da ita. Na san da ɗaci. Ka kashe kuɗin da ka daɗe kana tarawa, maganin mahaifinka yana cikin firiji, sannan a ce maka inuwa ba laifi ba ce. Amma reshe daban, inuwa daban, kuma yawancin rigimar da ke kai mu gaban manya daga haɗa su biyun take tasowa.

Akwai togiya guda: masussuka, ita kam ana hana a tare ta, tunda shiƙa ba ta yiwuwa sai da iska. Ni a ganina faifan sola ya yi kama da ita sosai, abinci ne da magani suka rataya a kansa. Sai dai wannan hujja ce da za ka ɗauka ka kai gaban malami ko alƙali. Ba ta ba ka izinin haura katanga cikin dare ba. Ko reshen da ya shigo gidanka ma, shawarata kada ka taɓa shi sai mai shi ya ji daga bakinka.

Masu kukan an rufe musu ganin dutsen Totil na nan Kasala, na fahimce ku, shan jabana, wato gahawa, da yamma ana kallonsa daɗi ne. Amma in rana ma ba a tilasta a kanta ba, ina ga kallon dutse. Abin da aka tsananta a kai shi ne leƙen gidan mutane, shi ya sa mai hawa dabino sai ya sanar kafin ya hau. Kai ma da za ka hau rufi wanke faifai, ka ɗaga murya tukuna.

Ga yadda aka yi a gidan nan. Mai sola ya ɗauki hoton inuwar ƙarfe 9, ƙarfe 12 da ƙarfe 3. Bayan la'asar ya yi sallama, aka zauna a ƙarƙashin ita darbejiyar, inda dattijon mai bishiyar ke karatu da jikokinsa. Mai sola ya ce, Baba, ba bishiyar na zo nema ba, waɗannan rassa uku na sama ne, kuma kuɗin mai sara a wuyana. Dattijo ya ce biyu dai, na ukun shi ke rufe masa randa. Da sun gaza daidaitawa, da an kira limami da ajawid, wato dattawa masu sasanci, an yi judiyya, zaman sulhu ke nan, amma ba a kai can ba.

Ku dubi mitar yanzu. Faifai na huɗu har yanzu yana shan inuwa da safe, shi za a ɗaga a mayar ta arewacin rufin ranar Asabar.