Shiga Interact na kawo tallafin karatu? Ga inda ake rikicewa

Wani saƙo ya zaga WhatsApp: wai ka shiga Interact, Rotary za ta biya maka karatu a ƙasar waje, ga fom, turo kuɗin rajista. To, a dakata tukuna.

A gurguje: Rotary ƙungiyar hidimar jama'a ce da aka kafa a Shikago ta Amurka a 1905, kuma kulob ɗinta na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961. Su ne waɗanda kuka sani da yaƙi da shan-inna. Interact kuwa reshenta ne na 'yan shekara 12 zuwa 18, tun 1962. Kowane kulob kan yi ayyuka aƙalla biyu a shekara, ɗaya na taimakon makaranta ko unguwa, ɗaya na ƙulla fahimta da wasu ƙasashe.

Yanzu ku kasa kunne. Babban tallafin da Gidauniyar Rotary ke bayarwa na karatu a waje na masu karatun digiri na biyu zuwa sama ne. Ɗan sakandare ba ya ciki. Abin da zai iya samu yana hannun kulob ɗin Rotary na garinsu, ko gundumar Rotary, wato rukunin kulob-kulob na yanki guda, da kulob ɗin yake ƙarƙashinta. Su ke yanke ko za su ba da tallafi a bana, nawa ne, kuma wa za a ba. Wani kulob yana yi, wani bai taɓa ba.

Kowane Interact yana da kulob ɗin manya da ya tsaya masa. Waɗancan da ke zaune a layin baya ranar taro, su ne. Su ke miƙa suna zuwa RYLA, wato sansanin horon shugabanci na 'yan kwanaki don 'yan shekara 14 zuwa 30. Kuma wanda suka gani da tsintsiya ranar share kwata suke tunawa, ba mai rajista ya ɓace sai ranar ɗaukar hoto ba. Kun san su, kowane aji akwai.

Shawarata, ku riƙe muƙami. Kowa na rububin zama shugaba, amma ni sakatare ko ma'aji na fi so, don su ke da littafi a hannu: ranar aiki, abin da aka tara, sa hannun malamin da ke kula da kulob. Ranar da za a rubuta muku takardar shaida, nan za a duba.

Sai shirin musayar ɗalibai na Rotary, inda ɗalibi ke zuwa wata ƙasa ya zauna na ɗan lokaci, na 'yan shekara 15 zuwa 19. Masauki, abinci da kuɗin makaranta ana ɗauke muku, amma tikitin jirgi, biza da inshora na iyaye ne. Ba kowace gunduma ke cikin shirin ba, don haka ku fara tambayar malaminku wane kulob ne ya tsaya wa makarantarku, kuma yaushe suke zama.