Kafin jirgi ya bar bakin ruwa a Yeji

Assalamu alaikum jama'a masu sauraronmu a nan Kumasi, mutanen Aboabo, Asawase, Sawaba, Sabon Zango da Moshi Zango, da direbobin dake jinmu akan hanyar Ejura da Atebubu, barkanku da war haka. Sharhinmu na yau akan ruwa ne, tafkin Volta, kuma kada wani yace ai mu nan Asante me ya hada mu da jirgin ruwa. Doyar da ake saukewa a kasuwanninmu, busasshen kifin da iyayenmu mata suke kasawa a Asafo, gawayi, shanun da ake kaiwa mayanka a Kaase, dayawa daga cikinsu sai da suka hau ruwa kafin su hau mota, kuma wadanda suke rako kayan nan 'yan uwanmu ne, 'yan zango ne, tun zamanin fataken goro hanyar Salaga zuwa Yeji zuwa Kumasi hanyarmu ce. Kete ma da ake cewa Kete Krachi, zangon fatake ne da ya cika bayan yakin Salaga na 1892, tsohon garin yanzu yana karkashin ruwan nan.

Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya taru ya cinye kasa kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane kusan 80,000 aka zaunar dasu a sababbin garuruwa 52. Mutane an kwashe su, amma dajin ba'a sare ba. Manyan itatuwa irinsu odum da madaci suna nan tsaye a karkashin ruwa har yau, kuma icen da yake nutse baya rubewa da wuri, shekara sittin kenan suna nan da karfinsu. Wanda ya taba ketarawa daga Yeji zuwa Makango da rani ya ga kawunansu sun leko bakikkirin, tsuntsaye na zama akai. Wadannan da ake gani da sauki, direba zai kauce. Mugun shine wanda ruwa ya rufe kansa da taki daya ko biyu, baka ganin komai sai ruwa lumui, jirgin katako dauke da kaya yazo da gudun inji ya hau kansa, katakon gindi ya tsage, kafin a ce kwabo ruwa ya kai gwiwa.

Kuma abinda ke wahalar da matuka shine ruwan baya zama wuri daya. A Akosombo ana auna shi da kafa, idan ya sauka kusa da kafa 240 injinan wuta suna cikin matsala, irin abinda muka gani a 2007 da aka sha daukewar wuta, idan kuma damina tayi karfi ya haura kafa 270 ya nufi bakin madatsar dole a bude kofofi, kamar a 2023 da ruwa ya shiga Mepe da garuruwan Tongu dake kasan madatsar. Wannan hawa da saukar tana nufin hanyar da ka bi lafiya a watan Nuwamba, a watan Mayu wata hanya ce daban, kututturen da yake can kasa ya taso kusa da gindin jirgi, tsibirin da babu shi ya fito. Manyan jiragen dake dauko mai da siminti daga Akosombo zuwa Buipe suma basu tsira ba, akwai duwatsu a wajen Debre da suke tare musu hanya idan ruwa ya ja baya.

Sai iska. Daga watan Maris zuwa Yuni hadari yana haduwa da yamma cikin kankanin lokaci, tafkin kuma a wasu wurare fadi gare shi har baka hango daya gabar, babu inda zaka labe, igiyar ruwa ta taso ta rika dukan jirgi a gefe. Da hunturu kuma hazo ne, direba baya ganin bishiyar da ya saba yin saiti da ita, kuma mafi yawan jiragen nan babu fitila babu na'urar nuna hanya, ilimin duk yana kan mutum daya, wanda ya gaji hanyar daga ubansa ko maigidansa. Ina girmama wannan ilimin kwarai, wallahi akwai matukan da suka san tafkin nan bishiya bishiya, amma ran mutum saba'in bai kamata ya rataya akan tunanin mutum daya a cikin hazo ba.

To wa yake daukar jama'a? Kamfanin sufurin tafkin, Volta Lake Transport, wanda ke karkashin VRA, hukumar dake kula da madatsar Akosombo, yana da pantun a manyan mashigai, Yeji da Makango, Kete Krachi, Dambai, Adawso zuwa Ekye Amanfrom ta wajen Afram, da Kpando Torkor. Pantun karfe ne, yana daukar lori da fasinja, hankali yafi kwanciya a cikinsa. Amma mashigai nawa ne wadannan a tafkin da tsawonsa ya kai kilomita 400, ga kauyuka da tsibirai birjik a bakinsa. Sauran jama'a duk jirgin katako mai inji a baya ne motarsu, shine motar asibitinsu, shine motar makarantar yaransu. Ko a inda pantun yake, idan ya cika ko ya tashi ya barka, ga kifi zai lalace ga motar Kumasi na jira a daya gabar, mutum sai ya gangara wajen kananan jirage.

Ku zo mu tsaya a bakin ruwa ranar kasuwa mu kalli lodi, domin anan maganar take. Ana fara jera buhunan masara da gari a kasa, a dora doya, a dora kwandunan kifi, a turo babur biyu a kwantar, wani lokacin har da shanu a daure a tsakiya, sannan mutane su hau saman kaya su zauna, mata da goyo, tsofaffi, almajirai. A jikin jirgin akwai layin da hukuma ta shafa da fenti, wanda idan ruwa ya rufe shi to lodi ya wuce ka'ida, sai kaga layin ya dade da nutsewa ana ta miko kaya, wanda ke zaune a gefe idan ya sauke hannu yatsunsa na taba ruwa. Can baya wani yaro rike da yankakken galan yana kwarfar ruwa tun jirgi bai tashi ba. Rigunan kariya idan akwai su suna daure cikin buhu a karkashin benci, wata ma anyi matashi da ita. Mai jirgi yana lissafin kudin mai, mai kaya yana cewa dan Allah kara wannan buhu daya ne kawai, kuma babu wanda ya rubuta sunan ko mutum daya.

A watan Afrilun 2006 jirgin da ya kwaso mutanen da aka tasa daga gandun dajin Digya ya nutse, adadin da hukuma ta fada daban, wanda mutanen wurin suka fada daban, saboda babu takardar da ta nuna su nawa suka shiga. A Janairun 2023 'yan makaranta 8 suka rasu a gundumar Sene ta Gabas suna ketarawa daga Atigagome zuwa makaranta a Wayokope. A Oktoban 2025 kusa da Kete Krachi mutum 15 suka tafi, 11 daga ciki yara ne, kuma hukumar kula da sufurin ruwa ta kasa, Ghana Maritime Authority, tace yaro dan shekara 11 ne yake tuka jirgin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jikansu, ya baiwa iyayensu hakuri.

Ba zan ce hukuma bata yin komai ba, zalunci ne in fadi haka. Hukumar Ghana Maritime Authority da aka kafa da dokar 2002 ita ke da alhakin jiragen cikin gida, ta shafa layin lodi a jirage, ta sa an cire kututturai a wasu hanyoyi har da ta Yeji zuwa Makango, an ajiye sojan ruwa a manyan mashigai irinsu Yeji, Dambai, Kete Krachi, Tapa Abotoase da Dzemeni domin hana lodin wuce kima, ana horar da matuka, ana raba rigunan kariya. Tun 2006 ma aka kulla yarjejeniya da wani kamfanin Kanada akan sare katakon karkashin ruwa, a sayar a kuma bude hanya, duk da masunta sun nuna damuwa don a gindin itatuwan nan kifi yake taruwa, kuma damuwarsu abar saurare ce, shi yasa ni a ganina ba sai an share tafki duka ba, a share hanya a sa mata alama mai yawo a ruwa wadda ake gani dare da rana, a bar wa kifi sauran.

Inda nake da ja shine yadda muka mayar da rigar kariya kamar ita ce maganin komai. Duk sanda akayi hatsari sai manya su zo da kyamara a raba riguna, bayan wata uku rana ta cinye su ko an kulle a daki. Rigar tana da amfani sosai, kowa ya saka, a samo kanana na yara domin ta babba zamewa take daga jikin yaro. Amma aikinta yana farawa ne bayan jirgi ya riga ya kife. Abinda zai hana kifewar a tudu ake yanke shi, nawa aka loda, karfe nawa za'a tashi, wa ke rike da inji, me masu hasashen yanayi suka ce game da yammacin yau. Sojan ruwa yana babbar tasha, jirgi ya tashi da lodi daidai a gabansa, ya zagaya bayan tsibiri ya tsaya a kauye biyu ya kara mutum talatin, wa zai gani? Sai an baiwa sarakunan bakin ruwa da kungiyoyin masu jirage da 'yan asambuli, wato wakilan jama'a a majalisar gunduma, iko na gaske da dan alawus, kowane mashigi da littafinsa da mai rike dashi, sunan fasinja da inda zashi, kuma ya iya cewa wannan jirgin ba zai tashi ba a kuma ji maganarsa.

Sannan ceto. Idan jirgi ya kife a tsakiyar tafki yau, masunta ne suke fara kaiwa da kwalekwalensu, Allah ya saka musu da alheri, kafin labari ya kai ga hukumar agajin gaggawa ta NADMO ko sojan ruwa wanda zai nutse ya nutse, wurare dayawa ko sabis din waya babu balle a kira lambar neman agaji ta 112. Jirgin ceto mai gudu da mai a tankinsa a kowace babbar tasha, da rediyon hannu a jiragen fasinja, ba abu bane da yafi karfin kasar da ta shimfida layin dogo daga Tema zuwa Mpakadan don a rika dora kaya akan wannan tafkin. Idan ana son tafkin ya dauki kwantena zuwa arewa, to a fara da tsare matar da ke ketarawa da kwandon kifi. Hasashen yanayi kuma a rika fadarsa da Ewe da Twi da Gonja da Hausa a gidajen rediyon bakin ruwa da lasifikar tasha, da safe kafin lodi.

Mu kuma 'yan kasuwa, Alhaji, Hajiya, ku gafarce ni, buhun nan daya da muke rokon a kara namu ne. Mu ne muke matsa wa direba ya tashi da magariba don mu riski kasuwar Kumasi da asuba, mu ne muke cewa rigar tana da zafi tana da datti. Idan abu ya faru muce kaddara, gaskiya ne komai da kaddara, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa yayi a daure rakumi sannan ayi tawakkali. Limamanmu na Yeji da Dambai da Buipe su sa wannan a hudubar Juma'a kafin hadarin farkon damina ya fara, sarakunan zango su zauna da shugabannin masu doya da masu kifi da masu shanu a yanke cewa dan kungiya baya hawa jirgin da layinsa ya nutse, kuma shanu da mutane kowa da jirginsa. Wanda yake da yaro ko mata akan wannan hanyar a satin nan, ya daga waya ya fada musu tun yau. Wassalamu alaikum.