Wasiƙun Yara Zuwa Ga Santa Kulos: Yadda Gidajen Waya Suka Yi Da Su

Jama'a, barkanmu da war haka. Yau zan yi magana ne kan wata matsala da ta taɓa addabar ma'aikatan gidan waya a ƙasashen Turawa. Duk ƙarshen shekara, idan Kirsimeti ya gabato, yara kan zauna su rubuta wa Santa Kulos wasiƙa, wato tsohon nan mai farin gemu da jan kaya da ake ce musu shi ke rabon kyauta. Su lissafa abin da suke so, su jefa a akwatin gidan waya. To, ma'aikaci ya kai wa wa? Mutumin ba shi da gida, ba shi da lamba.

A Amurka, da farko irin waɗannan wasiƙu ofishin wasiƙun da suka rasa mai su ake tura su. Sai a 1912 shugaban hukumar gidan waya, Frank Hitchcock, ya ba da izini ma'aikata da sauran jama'a su riƙa buɗewa suna amsawa. Daga nan shirin da ake kira Operation Santa ya samo asali, kuma har yau yana nan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da aka tarar a ciki. An zaci kayan wasa kawai za a gani. Akwai su, ba shakka, amma sai ga yaro yana roƙon rigar sanyi, wani takalmi, wata kuma tana nema wa mahaifiyarta abin da ita uwar ba za ta iya buɗe baki ta roƙa ba. Yaro ba ya jin kunyar faɗa wa takarda halin da gidansu ke ciki. Shi ya sa mai hali kan zaɓi wasiƙa ɗaya, ya sayi kayan, ya aika ba tare da an san shi ba. Yanzu ta intanet ake zaɓa, kuma sai an rufe cikakken suna da adireshin yaron kafin baƙo ya gani, domin ba kowane mai miƙo hannu ne na kirki ba.

Wasu ƙasashen amsa kawai suke mayarwa. Faransa ta buɗe ofishi na musamman a 1962, wanda yanzu yake garin Libourne. Kanada ta ware wa tsohon lambar gidan waya tasa ta kansa, H0H 0H0, kuma 'yan sa kai ne ke amsawa, har da rubutun makafi. A Jamus kuwa, ƙauyen Himmelpfort ya shiga harkar a 1984, bayan yara biyu sun aiko da wasiƙa wata ma'aikaciya ta ƙi mayar musu da ita, ta zauna ta ba su amsa da kanta. Rovaniemi ta ƙasar Finlan ita kuma ta mai da abin sana'a, masu yawon buɗe ido na tururuwa can su ga tarin wasiƙun da ke zuwa daga sassan duniya.

Mai tambaya, bismillah.